Labarin Thomas Dorsey, Makaɗin Gidan Rawa Da Ya Komo

A wannan wata za mu ba 'yan'uwa labarin wani baƙar fata na ƙasar Amurka, sunansa Thomas Dorsey, wanda mutanen ƙasarsu su ke kira uban waƙoƙin bishara. Wanda ya ji wannan kirari sai ya yi tsammani mutumin ya girma cikin majami'a ne, bai taɓa ratse hanya ba. Ba haka ba ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kai da kawowa tsakanin gidan rawa da gidan Allah, ya shigo ya fita, ya tuba ya koma. Sa'an da ya zo da niyyar zama kuwa, manyan ekklesiya ne suka fara rufe masa ƙofa.

An haife shi ran 1 ga watan Yuli, 1899, a wani ƙaramin gari, Villa Rica, cikin jihar Jojiya, kudancin Amurka. A lokacin shekara 34 ke nan da hana bauta a ƙasar, tsofaffin da aka haifa bayi suna nan da ransu. Ubansa mai wa'azi ne na Baptis, ya yi karatu a kwalejin Baptis ta birnin Atlanta, wadda daga baya aka sa mata suna Morehouse. Amma wa'azi kaɗai bai ciyad da gidan ba, sai ya haɗa da noma. Uwarsa, Etta, ita ce mai kaɗa ogan, wato akwatin kiɗan nan da a ke tura masa iska da ƙafa. A wurinta yaron ya fara sa hannu a kan kiɗa. Ya kan kuma tara kajin gida ya yi musu wa'azi yadda ya ga ubansa yana yi.

A majami'un ƙauye na wajen, waƙa ba ta gudu. Wani dattijo ya kan ɗaga layi ɗaya, jama'a su amsa su ja shi a hankali, kowa yana lanƙwasa murya yadda zuciyarsa ta ba shi, wani lokaci ma su rufe baki su yi ta nishi kawai, ba kalma. Wannan murya ta zauna cikin kunnen yaron. Mu riƙe ta, gama za mu sake gamuwa da ita.

Cikin 1908 talauci ya tashe su zuwa Atlanta. Can uban da a ke girmamawa a ƙauye ya zama ɗan ƙodago, uwar kuma ta shiga wanki a gidajen mutane. A makaranta aka mai da yaron aji na baya, yara suna yi masa dariya saboda tufafinsa na ƙauye. Bai wuce aji huɗu ba ya bari. Ya koma sayar da kayan sha a wani gidan wasa a titin Decatur, inda manyan mawaƙa baƙaƙe su ke sauka. Ya kan tsaya kusa da mai kaɗa fiyano yana kallon yatsunsa, in ya koma gida ya gwada a kan ogan na uwarsa. Ya kuma koya wa kansa karanta alamun kiɗa a takarda, abin da yawancin makaɗan wurin ba su iya ba.

Irin kiɗan da ya koya shi ne a ke kira buluz, kada dai mai karatu ya haɗa shi da sunan Manzo Bulus. Waƙar talaka ce mai kukan zuci. Mawaƙi ya kan faɗi magana ɗaya sau biyu, ta uku ta amsa mata, yana jan murya yana karya ta, a kan matar da ta tafi, ko bashi, ko kurkuku, ko jirgin ƙasa da ya ɗauke wani. Kafin ya cika shekara goma sha biyar, Dorsey yana kiɗa a gidajen giya da gidajen karuwai. Akwai kuma wani irin biki da matalauta su kan yi in kuɗin hayar ɗaki ya gagara: su kira mutane, a biya kuɗin shiga, a ci a sha a yi rawa, abin da aka tara a kai wa mai gida. A irin wannan wuri ana son makaɗi mai taushin hannu, domin kada ƙara ta jawo 'yan sanda. Dorsey ya gwane a wannan.

Cikin 1916 ya bi ayarin baƙaƙen da su ke barin kudu zuwa arewacin ƙasar, suna gudun wulakanci da kisan gilla, suna neman aiki a masana'antu. Ya sauka a Shikago. Ya shiga makarantar koyon tsara kiɗa, da dare kuma yana kiɗa har asuba. Jiki ya gaza. Cikin 1920 ya kwanta, ya koma Atlanta jiyya. Uwarsa ta gargaɗe shi ya bar wannan kiɗa ya bauta wa Ubangiji. Ya ji sauƙi, ya koma Shikago, ya ci gaba da abinsa.

Kira na fari ya zo cikin 1921. Babban taron Baptis na baƙaƙen Amurka ya zauna a Shikago, Dorsey ya je. Wani mai bishara, W. M. Nix, ya tashi ya yi waƙa. Waƙar tana cikin littafi, amma bai bi ta yadda aka rubuta ba, yana ja yana karyawa, yana ƙara ado, kamar yadda mutanen ƙauye su kan yi, kamar yadda masu buluz ma su kan yi. Jama'a suka motsu ƙwarai. Dorsey ya ga abin da bai taɓa tunani ba, wato muryar da ya iya tana iya ɗaukar bishara. Ya ba da kansa, ya rubuta waƙarsa ta fari ta ibada, ya karɓi aikin shugaban kiɗa a wata majami'a mai suna New Hope. Bai yi 'yan watanni ba wata ƙungiyar makaɗa ta ce za ta ba shi dala 40 kowane mako. Majami'a ba ta da irin wannan kuɗi. Ya tafi.

Daga 1924 ya zama shugaban makaɗan wata shahararriyar zabiya, Ma Rainey, suna yawo gari gari. Cikin 1925 ya auri Nettie Harper, yarinya mai ibada, ita kuma ta shiga tafiyar tana lura da tufafin zabiyar. Duniya ta yi daɗi. Sai cikin 1926 ciwon nan ya komo, ya fi na fari tsanani. Hannunsa ya ƙi kiɗa, ya rame, baƙin ciki mai nauyi ya danne shi wajen shekara biyu, har ya yi tunanin kashe kansa. Likitoci ba su sami abin kamawa ba. Nettie ta shiga aikin wanki domin su ci abinci. Cikin 1928 aka kai shi wurin wani bishop, H. H. Haley, ya yi masa addu'a, ya ce masa Ubangiji yana da aiki dominsa. Dorsey da bakinsa ya kan ce bishop ɗin ya zaro maciji mai rai daga maƙogwaronsa. Mun rubuta yadda shi ya faɗa. Abin da kowa ya gani shi ne, daga ranan nan ya fara warkewa, ya kuwa yi wa'adi zai ba Allah kiɗansa.

Ya rubuta waƙa a kan wani abokinsa da ya mutu. Ya ranci dala 5, ya aika da takardun waƙar guda 500 zuwa majami'u ko'ina cikin ƙasar. Ya ce shekara uku ya yi kafin mutum ɗaya ya aiko yana son saye. Ya kan kuma je majami'a da kansa ya roƙi fasto a ba shi zarafi ya yi waƙa. Wani ya ce to, sa'an nan a tashi sujada ba a kira shi ba. Wani kuwa ya hana shi ƙiri ƙiri. Da ya tsufa ya kan ba da labari da dariya, cewa manyan majami'un Amurka sun taɓa korarsa.

Ga wa'adi a baki, ga tukunya ba kome. Cikin shekaran nan ta 1928 wani mai kaɗa gita, Tampa Red, ya zo masa da waɗansu kalmomi yana neman kiɗa. Waƙar batsa ce da aka lulluɓe da wasa, ba za mu rubuta sunanta a nan ba. Dorsey ya sa mata kiɗa, suka ɗauke ta a faifan garmaho, shi yana amfani da suna Georgia Tom. Faifan ya tafi kamar wutar daji. Kuɗin farko da ya zo hannunsa ya fi dala 2,400. Daga nan zuwa 1932 su biyu suka yi faifai kamar 60 irin wannan. Kuɗin kuwa ya sa a banki, bankin ya rushe cikin karyewar arzikin da ta faɗa wa Amurka daga 1929. Wani zai yi saurin cewa hukunci ne, amma masu bi na kirki da yawa sun rasa nasu cikin wannan masifa. Mu dai ba za mu ɓoye laifinsa ba. Mutumin da ya yi wa'adi bayan an tashe shi daga bakin kabari, cikin 'yan watanni ya koma. Taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa shekara huɗu ya yi yana gwadawa.

Amma sai mu tambaya, don me ekklesiya ta ƙi shi? Bai kamata mu ɗauki fastocin nan mugaye ba. Iyayensu da kakanninsu bayi ne. Dukan ransu sun ji Turawan ƙasar suna cewa baƙar fata bai san kome ba sai tsalle da ihu. Domin wannan suka gina manyan majami'u a Shikago, suka ɗauki malaman kiɗa masu ilimi, ƙungiyoyin mawaƙansu suna yin waƙoƙin Handel da Mendelssohn daidai da kowace majami'ar Turawa. Tafi da rawa da ɗaga murya kuwa suka hana, suna ganin abin kunya ne na zamanin bauta. Ban da wannan suna da wata hujja mai ƙarfi. Kiɗan Dorsey daga gidan giya ya fito, wanda ya yi rawa da shi ran Asabar da dare, in ya ji shi ran Lahadi da safe, ina zuciyarsa za ta tafi? Dattawanmu da suka ga zamanin da ba a barin ganga ta shiga majami'a sun san wannan gardama sarai. Sai dai fastocin sun manta da waɗanda su ke zaune a kan benci. Dubban mutane ne sababbin zuwa daga kudu, masu aikin mahauta da na ƙarfe da wanki, waɗanda suka bar gida da dangi. Suna zaune shiru ana yi musu waƙar da ba ta san su ba. Muryar nan ta ƙauye, ta nishi da jan layi, ita su ke marmari, ita ce kuwa Dorsey ya zo da ita.

Ƙofa ta fara buɗuwa cikin 1930. A babban taron Baptis wata mace ta yi waƙar nan tasa ta mutuwar abokinsa, taron ya ɗauka gaba ɗaya, aka nemo mai waƙar, ya sayar da takardu wajen 4,000 nan take. Ƙarshen 1931 faston majami'ar Ebenezer a Shikago, wanda shi kansa ya ke marmarin waƙoƙin kudu, ya sa Theodore Frye ya kafa sabuwar ƙungiyar mawaƙa, Dorsey yana kaɗa musu fiyano. Suka kai ziyara majami'ar Pilgrim, ɗaya daga cikin mafi girma a birnin. Fastonta, Junius Austin, ya ga yadda jama'arsa suka yi, bai tsaya gardama ba, ya ɗauki Dorsey ya kafa masa irinta. Wannan cikin 1932 ne.

Cikin watan Agusta na shekaran nan Nettie tana da ciki wata tara, ɗansu na fari. Aka gayyaci Dorsey taron farkawa a birnin Sant Luwis, tafiyar mil 300 ko kusa. Bai so tafiya ba, amma mutane suna jiransa. Ya fita da sassafe da mota. Ya yi ɗan nisa ya tuna ya manta jakar takardun waƙa, ya komo. Ya tarar da Nettie tana barci. Ya tsaya a bakin gado, wani abu cikin zuciyarsa yana ce masa ya zauna. Bai so ya tashe ta ba, ya ɗauki jakar ya fita a hankali.

Kashegari da dare, cikin zafi, jama'a suna ta neman ya ƙara waƙa. Da ya zauna wani yaro ya miƙa masa takardar waya. Matarsa ta rasu wajen haihuwa. Kewaye da shi mutane suna tafi suna waƙa, ba su sani ba. Ya komo Shikago, aka ce masa jaririn namiji ne, yana da rai. Ya rasa ko kuka zai yi ko murna. Kafin gari ya waye jaririn ma ya bi uwarsa. Cikin akwati ɗaya aka binne su.

Dorsey bai yi kamar jarumi ba, bai kuwa taɓa cewa ya yi ba. Ya kulle kansa kwanaki. Ya ce Allah bai yi masa adalci ba, ba zai ƙara bauta masa ba, ba zai ƙara rubuta waƙar bishara ba, zai koma inda ya fito. Maganar nan da ya ji a bakin gado ya ƙi, ita ma tana cinsa. Muna ganin ya kamata a riƙa faɗin wannan sashi na labarin, gama akwai masu makoki a cikinmu da su ke jin tsoro su faɗi abin da ke zuciyarsu, suna tsammani su kaɗai ne suka taɓa yin fushi da Allah. Ayuba ya yi, Irmiya ya yi, Littafi bai ɓoye ba.

Abokinsa Frye bai yi masa dogon wa'azi ba. Ya ɗauke shi ya kai shi wata makaranta a unguwar, Poro, inda akwai ɗaki da fiyano, ya bar shi. Dorsey ya zauna, yatsunsa suna yawo a kan fiyano, har suka faɗa kan wata tsohuwar muryar waƙa ta George Allen, wadda a ke yi a kan ɗaukar gicciye, wadda ya sani tun yana yaro. Ya sassauta ta, ya ja ta irin jan mutanen Jojiya, kalmomi suka zo. Addu'a ce ta mutumin da ƙarfinsa ya ƙare, ba ya neman a bayyana masa dalili, jagora kaɗai ya ke roƙo. Frye ya ba shi shawara ya sake kalma ɗaya a farkonta, ya sake. Ita ce waƙar da duniya ta sani da suna Precious Lord, wato Ubangiji mai daraja. An juya ta cikin harsuna da yawa.

Wanda ya san buluz, in ya ji wannan waƙa zai gane danginta. Ga murya ɗaya ta mutum ɗaya, yana cewa ni, ba mu ba, yana faɗin wahalarsa ba kunya. Bambancin shi ne wanda a ke kai wa kukan. Dorsey bai yar da hannun da ya koya a titin Decatur ba, bai kuma taɓa yarda a ce buluz kansa mugun abu ne ba, ko da ya ke daga 1932 bai koma sana'arsa ba. A nan kai da kawowa ta ƙare.

Sauran ransa aiki ne. Ya buɗe gidan buga takardun waƙoƙinsa, ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙe na fari da suka yi haka domin waƙar bishara. Wata mace mai kaifin harshe da sanin kasuwa, Sallie Martin, ta shiga aikin, suna bin majami'u, tana waƙa, yana kiɗa, suna sayar da takarda a kan 'yan sulalla, suna barin sabuwar ƙungiyar mawaƙa a bayansu. Cikin 1933 suka yi taron farko na ƙungiyoyin mawaƙan bishara na dukan ƙasar, Dorsey ne shugaba, ya riƙe shugabancin shekaru da yawa. Har ya zama a wani lokaci kowace waƙa irin wannan, ko wa ya rubuta ta, Dorsey a ke kiranta. Cikin 1937, ana jin ƙishin ƙishin yaƙi a Turai, ya rubuta Peace in the Valley, a kan salamar da annabi Ishaya ya hango, domin wata mawaƙiya 'yar New Orleans, Mahalia Jackson, wadda daga baya suka yi shekaru suna yawon waƙa tare. Waƙar ta ƙetare zuwa wurin Turawan ƙasar, Red Foley ya yi ta cikin 1951, Elvis Presley kuma cikin 1957. Cikin 1941 Dorsey ya sake aure, ya auri Kathryn Mosley, suka yi renon ɗa da 'ya.

Ran 4 ga Afrilu, 1968, da yamma, Martin Luther King, faston nan mai neman 'yancin baƙaƙe, yana tsaye a barandar masaukinsa a birnin Memfis. Ya hangi wani makaɗi, Ben Branch, a ƙasa, ya roƙe shi ya kaɗa Precious Lord a taron da za a yi da dare, ya kuma kaɗa ta da kyau. Bai daɗe da rufe baki ba aka harbe shi. Ran 9 ga wata Mahalia Jackson ta yi waƙar a jana'izarsa, a filin kwalejin Morehouse, makarantar da uban Dorsey ya yi karatu. Da ita Mahalia ta rasu cikin 1972, Aretha Franklin ta yi mata ita. Cikin 1973 aka yi ta a jana'izar Lyndon Johnson, tsohon shugaban Amurka.

Dorsey ya bi da mawaƙan Pilgrim fiye da shekara 40. Cikin 1982 aka nuna shi a wani fim a kan mawaƙan bishara, tsoho siriri mai dogayen yatsu, yana kaɗa hannu a gaban mawaƙa, yana ba da labarin Nettie kamar jiya abin ya faru. Daga baya ciwon mantuwa ya kama shi. Ya rasu a gidansa a Shikago ran 23 ga Janairu, 1993, yana da shekara 93. Ran 6 ga Janairu, 2006, ana gyaran rufin majami'ar Pilgrim, wuta ta tashi ta cinye ginin, sai bangaye suka rage. Akwatunan takardun waƙoƙinsa da a ke ajiye a ciki suka ƙone tare da shi.